Mun Bi Littafin Malam Iliya Har Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ni da Malam Iliya ban huta da tambaya ba. 'Yan majalisarmu ta ƙofar shagona, nan bayan tashar jirgi a Funtua, kusan kullum sai wani ya ce, "Sa'idu, wai me kuka samo ne a can?" Nakan ce mun samo kilishi, a yi dariya, a shiga wani zancen. Yanzu da Malam ya kwanta rashin lafiya tambayar ta ƙaru, ni kuma na gaji da amsar wasa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya kasance, wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san mu ba, ni ƙaramar maɗaba'a gare ni. Yanzu katin biki da kalandar makarantu ke riƙe da ni, amma da can ina buga littattafan labari. Malam Iliya kuwa shi ya koyar da ni a firamare a Malumfashi. Mutumin Ƙarfi ne, Kirista, dattijo a cocinsu, ya yi ritaya ya koma gona. Shekarun baya ya kawo min labarin wata mata mai suna Saratu, wadda mijinta ya mutu ya bar mata 'ya'ya da gonar auduga, dangi da dillalai suka taso ta sayar, ta ƙi. Na buga kashi na ɗaya da kuɗina, bisa cewa in an sayar mu raba riba. Littafin bai tafi ba. Masu shagunan hayar littattafai na Funtua da Malumfashi suka sayi ɗaya ko biyu kowannensu, suka yi ta ba matan gari haya, sauran suka zauna a kwali har gara ta fara taɓa su. Na je na faɗa wa Malam ba zan iya buga na biyu ba. Ya ce ba komai, dama bai rubuta ba tukuna, yana nan cikin kansa.

Ana nan sai Alhaji Bala, wani abokina mai kai masara Nijar, ya zo min da labari. Ya ce a gidan da yake sauka a Maraɗi ya ji matan gidan suna sauraren wani karatu a waya, sai ya ji ana ambaton Bakori da gidan gurzar auduga na Funtua. Da ya tambaya aka ce labarin Saratu ne, a shagon hayar wata Hajiya Mariyama ake samu. Tana ba da hayar littafin, kuma ta karanta shi da bakinta ta naɗa, mai so ya biya ta tura masa a waya. Ya ce da wuya ka shiga gida a unguwar ba ka sami wadda ta san Saratu ba.

A lokacin yanar ido ta rufe wa Malam idanu biyu, likita ya ce sai an yi aiki, kuɗin kuma ba su samu ba. Da na ji labarin Alhaji Bala sai na ce a raina ga kuɗin aikin nan a hannun wata a Maraɗi. Na hau mota na je Ƙarfi. Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Sa'idu, mu je mu ce musu me? Mu ce don me kuka karanta?"

Na ce, "A'a Malam. Mu ce don me kuka ci kuɗi da shi ba ku tuna da mai shi ba."

Ya ce zai yi shawara da iyali. Bayan an gama cire waken suya ya aiko min cewa ya sayar da buhu, ya sami na mota.

A tashar Malumfashi muka haɗu. Matarsa, Mama Hannatu, ita ta rako shi, da kwanon dambu ɗaure a ɗankwali da maganin hawan jininsa a leda. Ta ja ni gefe ta ce, "Ka riƙe min shi da kyau. Ba ya ganin rami, kuma ba zai faɗa maka ba ya gani ba." Direbanmu ya ƙi tashi sai da rana ta ɗaga sosai, saboda halin da hanyoyinmu ke ciki, ba wanda ya yi masa gardama. Muka kama hanyar Katsina, gefen titi duk shanyar masara da barkono.

Kafin Gidan Mutum Ɗaya taya ta yi faci. Muka sauka muka zauna gindin wata bishiyar darbejiya, muka buɗe dambun Mama Hannatu, na yi wa wanda ke kusa da mu bismilla. Ashe mai tura fina-finai a waya ne, rumfarsa na Kankiya. Da ya ji abin da zai kai mu Maraɗi ya yi dariya da dambu a bakinsa ya ce, "Alhaji, ai mu ne muke tallata marubuta da 'yan fim. Ba don mu ba wa zai san su?" Na ce masa talla mai kyau ce wannan, wadda mai tallar ke cinye kayan. Muka ɗan ɗaga murya har direba ya ce mu bari ya ji da tayarsa. Da muka koma mota Malam ya ce min a hankali, "Ka bar ƙarfinka, za ka buƙace shi a gaba."

A Katsina muka sauya mota zuwa Jibiya, daga nan muka nufi iyaka. Ɓangarenmu ba a tsayar da mu da yawa ba. A ɓangaren Nijar ne aka sauke kowa, jandarma ya bi layi yana karɓar katin shaida. Malam ya laluba aljihu ya miƙa, ashe tsohon katinsa na aikin koyarwa ya ɗauko, na ɗan ƙasa yana cikin jaka. Jandarman ya duba ya ce, "A kawo wa Mushe kujera."

Jinina ya tashi. Na ce, "Wane ne mushen? Dattijo kamar wannan, ya haife ka, ka kira shi mushe?" Mutane suka fashe da dariya, har jandarman. Wata mata mai kwandon albasa ta ce min ai a nan haka ake kiran malamin makaranta, girmamawa ce daga bakin Faransa. Na ba da haƙuri, kunya ta rufe ni. Malam kuwa ya zauna kan kujerar yana ta murmushi, ya ce shekara da shekaru yana koyarwa a Najeriya ba a taɓa ba shi kujera don katin nan ba. Ni ne ma aka kama da laifi, don ban zo da katin rigakafi ba, sai da aka yi min allura a wata rumfa, hannuna ya yini yana tsami. Muka canza kuɗi, damin nairar da na riƙo ya koma 'yan takardu kaɗan da za su ɓuya a tafin hannu. Lissafinsu kuma da dala suke yi, dala ɗaya biyar ce ta kuɗinsu, har muka baro ƙasar ban iya shi ba, sai dai in buɗe hannu mai kaya ya ɗauki nasa.

Daga Ɗan Isa, garin bakin iyakar, zuwa Maraɗi ba nisa. Alhaji Bala ya riga mu isa da motar masararsa, ya tarbe mu ya kai mu gidan mai masaukinsa, wani dillalin hatsi mai fara'a, aka ba mu ɗakin zaure. Da lokacin salla ya yi mai gidan ya lura Malam bai tashi ba, ya tambaye ni a ɓoye, na faɗa masa. Ya dawo ya zauna kusa da Malam ya kwatanta masa inda coci yake, ya ce in mun kai Lahadi shi zai kai shi a mashin.

Abincinsu gero ne, yadda namu yake masara. Furarsu ta fi tamu kauri da yaji, in ka sha ta da hantsi ba ka neman komai sai yamma. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, Malam ya gwada sau ɗaya ya ce haƙoransa sun yi ritaya tare da shi, sai da aka jiƙa masa a shayi. Shayin ma da nasa ladabin. A ɗan ƙaramin kofi ake ba ka, mai ɗaci, muka shanye muka yi godiya muka miƙe. Alhaji Bala ya jawo rigata ya ce ai na farko ke nan, akwai na biyu da na uku, tashi kafin na uku kamar ka ce hirar mai gida ba ta yi maka ba. Hausarsu kuwa irin ta kakanninmu ce ta Katsina, suna cewa lahiya da tahiya da littahi, Malam ya ce ji yake kamar mahaifiyarsa ke magana.

Washegari muka yi sakaci muka fita da tsakar rana, muka tarar da shagon Hajiya Mariyama a rufe. Ba nata kaɗai ba, rabin garin ya rufe, wai lokacin hutu ne, sai rana ta yi sanyi. A Funtua mai shagon da ya rufe da azahar sai a ce ko rasuwa aka yi masa. Muka zauna a rumfar wani mai gyaran keke muna gumi har aka buɗe.

Shagon zauren gidanta ne. Bango ɗaya faya-fayan fim ne jere, rana ta cinye hotunan bangonsu, ƙura ta nuna an daɗe ba a taɓa yawancinsu ba. Ɗaya bangon littattafai ne, kowanne an sa masa rigar leda an ɗinke ƙeyarsa da zare. A kusurwa ga kwamfuta a kan tebur. Hajiya Mariyama babbar mace ce mai tabarau, tana zaune tana manne wani shafi da ya yage. Na yi sallama na ce littafin Saratu nake nema, kamar mai haya.

Ta ce, "Yana waje, kuma akwai masu jira. In kana so in sa maka a waya."

Na ce, "Ba sai kin sa ba, Hajiya. Ga wanda ya rubuta shi."

Ta dube ni, ta dubi Malam da ke riƙe da kafaɗata. Ta ce, "Wanda ya rubuta shi ya rasu." Wai ɗan kasuwar da ke kawo mata littattafai daga Kano ne ya faɗa mata haka, da ta dame shi da tambayar kashi na biyu. Malam ya ce shi dai bai ji labarin rasuwar ba, amma sunansa Iliya, daga Ƙarfi. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta sauko daga kujera ta durƙusa har ƙasa tana gaishe shi. Malam ya rikice yana ta cewa ta tashi don Allah.

Na so in bari gaisuwar ta huce, amma maganar da na taho da ita tun daga Funtua ta ƙi zama a cikina. Na ce mata littafin nan ni na buga, Malam ya rubuta, mun yi asara a kansa, ita kuma shekara da shekaru tana cin kuɗi da shi, har ta naɗe shi a murya ba ta nemi izinin kowa ba. Na ce ga idanunsa nan ta gani.

Fuskarta ta canza. Ta ce, "Malam Sa'idu, ni ban taɓa cin haƙƙin kowa da sanina ba. Duk shekara ina biya." Ta ce akwai ofishin da ke karɓar kuɗi daga masu shagon haya da gidajen kallo domin mawaƙa da 'yan fim da marubuta, ba ta taɓa tsallake shekara ba, ko a shekarar da mijinta ya rasu. Ita a zatonta kuɗin na isa ga magadan marubucin. Naɗar muryar kuwa, ta ce yawancin matan da ke zuwa wurinta ba su iya karatun Hausar boko ba, ita ma a ajin yaƙi da jahilci ta koya. Da can tara su take yi ta karanta musu, da muryarta ta fara gajiya sai ta naɗa.

Ban yarda ba sai da muka je ofishin da safe. Ɗaki ɗaya ne, da wani ma'aikaci mai ladabi da ke cakuɗa Hausa da Faransanci. Ya tabbatar Hajiya na biya. Ya ce kuɗin da ake karɓa ana tara su wuri ɗaya ne, a raba wa waɗanda suka yi rajistar ayyukansu, marubuci da rabonsa, mai bugawa da nasa. Baƙo kamar Malam sai dai ya biyo ta irin wannan ofishi na ƙasarsa, ko ya yi rajista tun farko. Na shekarun da suka wuce an riga an raba, ba a dawo da shi. Na tambaye shi batun naɗar murya. Ya ce wannan dabam ne, sai da izinin marubuci, in muna son mu shigar da ƙara za a iya ɗauke mata kwamfuta har a gama bincike.

Ban buɗe baki ba Malam ya ce, "A'a. Ban zo ƙasar nan don a rufe wa mace shago ba." Ma'aikacin ya ce to abin da ya fi shi ne mu yi yarjejeniya a rubuce tsakaninmu da ita, kan abin da zai zo gaba.

Muka fito jikina a sanyaye. A gida masu haya ba sa biyan kowa, marubuci ba ya samun komai. A nan suna biya, shi ma bai samu ba. Aljihun Malam bai san bambancin ƙasashen biyu ba. Ni kuma da nake ta zagin masu haya, ban taɓa sanin akwai wata rajista da mai bugawa ya kamata ya bi ba.

Muka koma wurin Hajiya muka zauna kan maganar gaba. Ta ce gaskiya sana'ar tana mutuwa. Faya-fayan fim ba mai karɓa, abin da ta tura wa mutum ɗaya a waya kafin mako ya zagayo ya bazu gari kyauta. Amma in Malam zai ba da kashi na biyu, ta yarda a raba abin da ya shigo biyu, na littafi da na murya. Ni na ce ba ita kaɗai ba, sai sauran masu shagunan haya na garin sun sa hannu, kuma a ba da wani abu tun kafin a fara, don aikin ido ba zai jira ba. Ta ce za ta tara su, amma sai an ba ta lokaci.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa mai littafin Saratu yana da rai, kuma yana gidan Hajiya Mariyama. Muna zaune a tsakar gida mata suka fara shigowa, tsofaffi da masu goyo, wata tela da tsinken zare a hijabinta, wata ma'aikaciyar asibiti da kayan aikinta a jiki. Aka cika tabarmi har bakin rijiya. Suka gaida Malam ɗaya bayan ɗaya. Sai wata tsohuwa ta ce, "Mushe, ka bar mu a hanya. Motar audugar Saratu ta lalace a bayan Bakori, dare na yi, ga dillali na jira. Shekara nawa muna nan tsaye tare da ita. Mi ya hwaru?"

Malam ya yi dariya, ya gyara zama, ya ce a ba shi ruwa. Na ga alamar zai faɗa. Hajiya ta kife turmi a gabansa ta ɗora wayarta a kai.

Na miƙe na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ban da naɗa." Na ce wannan labarin shi kaɗai ya rage wa Malam da zai sayar. In aka naɗa yau, gobe yana wayar kowa daga nan har Damagaram, ba sauran abin da za a yi yarjejeniya a kansa. Hajiya ta ce ita ajiyewa za ta yi, ba za ta ba kowa ba sai an daidaita. Na ce na yarda da ita, wayar ce ban yarda da ita ba.

Malam ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take. Ya ce, "Sa'idu ne ya buga na farko. Ya fi ni sanin wannan harkar." Hajiya ta ɗauke wayarta ta kashe, ta ce wa matan kowa ta sa tata a jaka.

Ya fara. Na yi shekaru a ajinsa, na kuma karanta rubutunsa, amma ban taɓa jin Malam kamar ranar ba. Yana canza murya, yau shi ne dillali, an jima shi ne Saratu tana ciniki a bakin sikeli. Ya kawo yadda babban ɗanta ya gudu birni da kuɗin taki, yadda tsutsa ta faɗa wa audugar wata shekara, yadda ta koma shuka waken suya mutane na mata dariya. Mata na dariya, wasu na share hawaye da gefen mayafi, wasu na yi wa dillali Allah ya isa kamar yana zaune a wurin. Ni kuwa rabin hankalina yana kan hannuwansu, ina duba ko wata ta zaro waya a ƙarƙashin hijabi. Da rana ta yi ƙasa masu girki suka fara zamewa ɗaya ɗaya. Aka kira Hajiya shago. Ni ma Alhaji Bala ya leƙo ya kira ni waje kan maganar motar da za mu bi da safe. Da na dawo Malam ya gama, yana shan ruwa, matan da suka rage sun yi jugum.

Kafin mu tafi suka haɗa masa tsaraba, turmin atamfa na Mama Hannatu, da kilishi, da wani abu a ƙulle a leda da Hajiya ta danƙa masa a hannu. Ya isa kuɗin mota da magani, bai kai ko kusa da aikin ido ba.

A hanyar dawowa Malam ya fi ni walwala. Ya ce bai taɓa sanin akwai masu jiran sa ba, shi a zatonsa littafin ya mutu a kwalina. Ya ce bayan Kirsimeti, in an gama shigar da amfanin gona, in zo Ƙarfi ya riƙa faɗa ina rubutawa. Na ce to, bari dai takardar Hajiya ta iso, mu san a kan me muke. A iyaka jandarman nan ya gane mu, ya ɗaga min hannu ya ce in gaida Mushe. A tashar Malumfashi na miƙa shi ga Mama Hannatu lafiya lau, bai faɗa rami ko ɗaya ba.

Takardar ba ta zo ba. Hajiya ta yi ƙoƙari, na sani, don tana kira na. Wasu masu shagon sun ce ba za su biya kan abin da zai bazu kyauta ba, wasu sun riga sun koma sayar da cajar waya. Ni kuma aikin kalandar sabuwar shekara ya taso, na yi ta cewa mako mai zuwa. Cocinsu da tsofaffin ɗalibansa suka haɗa kuɗi aka yi wa Malam aikin ido ɗaya, ya aiko min cewa yanzu yana ganin layin takarda, in taho. Ina shirin zuwa aka kira ni cewa ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi.

Har yau ina kan bakata cewa wanda ya ci kuɗi da aikin wani ya kamata ya ba shi rabonsa, ko littafi ne ko fim, ko a Funtua ko a Maraɗi. Abin da na faɗa a tsakar gidan nan ba ƙarya ba ne, da an naɗa da ya bazu. Sai dai da ya bazu da labarin yana nan. Na zauna sau da yawa in rubuta abin da na ji, sai in tarar ƙashin labarin kawai na riƙe, maganganun sun tafi, ƙarshen kuma ban ji shi ba.

Kwanan baya Hajiya Mariyama ta kira ni. Ta yi min jajen Malam, sannan ta ce su matan da suka ji labarin sun zauna sun haɗa abin da kowa ta riƙe. Har wurin da Saratu ta tsufa a gonarta bakinsu ɗaya. Daga nan suka rabu. Wasu sun ce ɗan nan da ya gudu ya dawo ya same ta da rai ta yafe masa, wasu sun rantse ya iso an riga an binne ta. Ta ce suna so su naɗa yadda suka tuna, amma ba za ta taɓa waya ba sai da izini, kuma in an samu wani abu wa za a ba. Na ce mata wannan karon ba ni zan amsa ba.

Na je Ƙarfi. Na sami Malam a kujera a inuwar rumbu, Mama Hannatu na ɓarar gyaɗa kusa da shi. Ya gane ni da idon da aka gyara. Na faɗa masa saƙon Hajiya a hankali. Ya motsa baki, wata magana ta fito da ban kama ba. Mama ta kai kunnenta ta ce, "Ya ce su naɗa."

Na ce, "Malam, sun rabu biyu a kan ɗan Saratu. Ya same ta da rai, ko bai same ta ba?"

Rabin fuskarsa ya yi murmushi. Ya ɗaga hannun hagu, ya yi magana mai ɗan tsawo, yana tsayawa yana sake farawa, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na dubi Mama Hannatu. Ta ajiye gyaɗar, ta sa ya maimaita, ta saurara da kyau. Sannan ta goge masa baki da gefen zanenta ta ce, "Wannan kam, Sa'idu, ni ma ban gane ba."